Gajiyar Matuƙin Jirgi da Numfashin Yaro Mai Zazzaɓi: Abin da Ɗigon Jini Ke Nunawa

Wanda ya saba tsayawa a bakin Kwara a Malanville da sassafe ya san wannan abu. Jirage biyu ƙanana sun tashi tare za su haye tsallaken Gaya. A ɗaya akwai saurayi majiyi ƙarfi. A ɗayan dattijo ne, gemu duk furfura. Saurayin ya fizgi filafili da iyakar ƙarfinsa, nan da nan ya yi gaba. Kafin ya kai tsakiya, inda ruwa ya fi gudu, sai ka ga ya fara haki, kafaɗu sun yi nauyi, filafilin yana shiga ruwa a karkace, ruwa kuma ya soma gangarawa da jirginsa. Dattijon bai sāke tuƙinsa ba tun daga gaɓa. Yana tuƙi yana hira da wanda ya ɗauko. Sau da yawa shi ne ke fara taɓa tudu.

Tun da aka rufe gadar da ta haɗa Benin da Nijar a ƙarshen watan Yuli na 2023, haye ruwa da jirgi ya zama abincin mutane da yawa, har da samarin da ba su gaji sana'ar ba. Manyan jirage suna da inji, amma filafili da gora ba su huta ba, balle a hannun Sarkawa da sauran masunta.

Abin da ya faru a jikin saurayin nan yana da suna, kuma ana iya auna shi da ɗigon jini ɗaya. Sunansa laktat. A Turai da Amurka masu horar da 'yan tseren jirgi suna auna shi don su san yawan wahalar da za su ba yaransu. Wani zai ce, ina ruwan asibiti da tseren Turawa? Dalili shi ne, abin nan da ke taruwa a jinin ɗan tsere na ɗan lokaci, shi ne ke taruwa a jinin yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kai shi bakin mutuwa. Wanda ya gane na farko zai yi saurin gane na biyu.

Ɗan'uwan tsamin nono ne

Kowa ya san tsamin nono. A shekara ta 1780 wani masani a ƙasar Suwidin mai suna Carl Wilhelm Scheele ya fitar da abin da ke sa nono tsami, aka raɗa masa suna daga kalmar madara ta harshen Latin. Bayan kusan shekara talatin wani ɗan ƙasarsu, Berzelius, ya sami irin abin nan a cikin naman dabbar dawa da mafarauta suka kora har ta gaji. Tun daga nan mutane suka fara haɗa shi da gajiya.

Ga yadda yake samuwa. Tuwo, shinkafa, fura da rogo, idan sun narke a ciki, sukan zama sukari. Jiki yana ajiye wani a hanta, wani a cikin tsoka. Tsoka tana cin sukarin nan ta hanya biyu. Hanya ta farko mai natsuwa ce: tana ƙone shi ƙurmus da taimakon iskar oksijin da jini ke ɗaukowa daga huhu. Tana ba da ƙarfi mai yawa, amma sannu-sannu. Hanya ta biyu ta gaggawa ce: tsoka tana raba sukarin biyu kawai, ta sami ƙarfi nan take. Abin da ya rage daga wannan rabawar shi ne laktat. Hanyoyin nan biyu suna aiki tare kullum, ko kana barci. Shi ya sa ba a rasa laktat kaɗan a jinin kowa. Amma idan aiki ya yi tsanani, hanyar gaggawa takan rinjaya.

An daɗe ana ɗaukar laktat kamar dauɗa ko guba. Ba haka ba ne. Ya fi kama da gawayi: itace ne da wuta ba ta gama ci ba, ana iya sake hura shi. Zuciya tana ƙona laktat ta sami ƙarfi. Tsokar da ba ta cikin matsi tana ƙona shi. Hanta kuma tana tattara shi ta mai da shi sukari, ta sake aika wa tsoka. Wasu masana mata da miji, Carl da Gerty Cori, su ne suka bayyana wannan kai-da-kawowa tsakanin tsoka da hanta, kuma sun sami kyautar Nobel a 1947 saboda bincikensu a kan yadda jiki ke sarrafa sukari. Daga baya, cikin shekarun 1980, George Brooks na Kalifoniya ya nuna cewa laktat abinci ne da sassan jiki ke miƙa wa juna.

To, idan ba guba ba ne, me ya sa ake auna shi? Ku tuna da jirgin da ke yoyo. Babu jirgin katako da ruwa ba ya shiga ko kaɗan. Muddin yaron da ke kwarfewa da ƙoƙo yana fitar da ruwa daidai da yadda yake shigowa, jirgi yana tafiya lafiya. Idan ramin ya ƙaru kaɗan, ruwan ƙasan jirgi zai ɗan hau, amma ya tsaya a wuri ɗaya, domin yaron ya ƙara sauri. Akwai kuwa inda ruwa zai fi ƙarfin ƙoƙon. Daga nan ba ya tsayawa, sai hawa. Haka laktat yake a jini. Tsoka tana zubowa, zuciya da hanta da sauran tsoka suna kwarfewa. Idan zubowa ta fi kwarfewa, laktat ya hau, tare da shi kuma jini da tsoka su ƙara tsami. Wannan tsamin yana cikin abubuwan da ke sa hannu ya yi zafi ya ƙi biyayya, yana kuma tilasta wa huhu ya yi haki don ya rage shi. Wurin nan ne saurayinmu ya kai a tsakiyar kogi.

Bari mu gyara wani kuskure da ake yawan ji, har daga bakin masu ilimi. Ciwon jikin da mutum ke ji kwana ɗaya ko biyu bayan aikin da bai saba ba, ba laktat ne ya kwanta a nama ba. Cikin sa'a ɗaya ko kusa da haka bayan an daina aiki, jiki ya riga ya kwashe shi. Ciwon washegari daga ƙananan tsagewa ne a cikin zaren tsoka, kuma yana warkewa da kansa.

Yadda 'yan tsere ke auna shi

Tseren jirgi na wasannin Olamfik ya bambanta da namu. Matuƙi yana zaune ya juya baya ga inda za shi, kujerarsa tana zamewa gaba da baya, ƙafafu ne ke yin mafi yawan aikin. Nisan tseren mita 2000 ne. Jirgin maza takwas yakan gama cikin minti biyar da rabi ko sama kaɗan, mutum ɗaya kuma kusan minti bakwai. Gajeren lokaci ne, amma wahalarsa ba kaɗan ba ce.

Na'urar awon ƙarama ce, kamar wadda ake auna sukari da ita ga masu ciwon sukari. Ana goge wurin, a tsaga ƙasan kunne kaɗan, inda mata ke huda ɗan kunne, ko kuma kan yatsa. Ana share ɗigon farko, domin gumi ma yana da laktat kuma zai ɓata awon. Ɗigo na biyu ake ɗorawa a kan ɗan tsinken na'urar. Cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka lamba ta fito, a gefenta an rubuta mmol/L, wato yawan laktat a cikin lita ɗaya ta jini. Mutum mai lafiya da ke hutawa yakan nuna 1 zuwa 2. Ɗan tseren da ya gama mita 2000 da iyakar ƙarfinsa yana iya nuna 15, wani har 20.

Mai horarwa ba ya jira sai ranar tsere. Yakan zaunar da ɗan wasa a kan injin da ke kwaikwayon tuƙi a kan tudu. Ya yi tuƙi mai sauƙi na kamar minti huɗu, a tsaya a ɗauki jini. A ƙara nauyi, wani minti huɗu, a sake ɗauka. Haka har hawa biyar, shida ko bakwai, ana rubuta lambar jini da bugun zuciya a kowane hawa. Da farko lambar ba ta motsi. Sai a kai inda ta fara ɗagawa, wajen 2. Wannan ita ce iyaka ta farko. A ƙasanta mutum yana iya tuƙi sa'o'i. Can gaba kuma sai lambar ta yi tsalle. Wannan ita ce iyaka ta biyu, inda ruwa ya fi ƙarfin ƙoƙo. A 1976 wani likitan wasanni a birnin Kolon na Jamus, Alois Mader, da abokan aikinsa suka sa wannan iyaka a kan 4, kuma har yau ana yawan aiki da lambar. Amma ba ta zauna wa kowa daidai ba. Wani iyakarsa tana wajen 3, wani ta haura 5. Haka kuma wanda ya zo awo da yunwa, ajiyar sukarinsa ta ƙare, lambarsa takan fito ƙasa, a zaci ya ƙara ƙarfi alhali kuwa gajiya ce. Mai horarwa mai hankali ba ya duban na'ura kaɗai, yana duban fuskar yaronsa.

Abin mamaki shi ne abin da awon ya koya musu. Da an zaci gwani shi ne mai kashe kansa da wahala kowace rana. Da aka bi diddigin horon manyan matuƙan ƙasar Norwe da wasu ƙasashe, sai aka ga wajen kashi huɗu cikin biyar na aikinsu mai sauƙi ne, a ƙasan iyaka ta farko, doguwar tafiya ba haki. Ɗan abin da ya rage ne mai tsanani. Dogon aiki mai sauƙi shi ne ke ƙara ƙananan hanyoyin jini a cikin tsoka, ya ƙarfafa zuciya, ya koya wa nama ƙona laktat da sauri. Wato yana ƙara girman ƙoƙon. Bayan wasu makonni idan aka sake awo, gudun da a da yake kai jini 4 yanzu sai ya tsaya a 3. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne zama a tsakiya kullum: ba su yi sannu yadda jiki zai ginu ba, ba su kuma huta yadda za su iya yin mai tsananin da kyau ba.

Dattijon bakin Kwara bai taɓa jin sunan Mader ba. Shekara arba'in na tuƙi ne suka nuna masa inda iyakarsa take.

Wanda ba shi da na'ura fa?

Ba mu ce kowa ya nemi na'ura ba. Tsinkenta yana da tsada, kuma sau ɗaya ake aiki da kowane tsinke. Bakinka ya isa ya zama ma'auni. Idan kana tuƙi, ko noma, ko dakon buhu a kasuwar Malanville, kana kuma iya yin magana doguwa ko rera waƙa ba tare da yankewa ba, kana ƙasan iyaka ta farko. Idan sai ka yanka maganar gunduwa-gunduwa, kalma uku ko huɗu ka ja numfashi, ka matso ta biyu. Idan aka yi maka magana ka kasa amsawa sai da kai, ka wuce ta, kuma mintocin da suka rage maka kaɗan ne.

Wannan ba maganar wasa ba ce ga mai ɗaukar mutane. A nan ruwa yakan cika sau biyu: jan ruwa na damina wajen Agusta da Satumba, sa'an nan ruwan da ke gangarowa daga Gini da Mali, wanda ke isowa cikin sanyi, wajen Janairu. A lokutan nan tsakiyar kogi tana da ja. Matuƙin da ya ƙarar da ƙarfinsa tun daga gaɓa don ya riga abokinsa samun fasinja, ba shi da abin da zai fitar idan iska ta taso ko babban jirgi mai inji ya wuce ya tayar da igiyar ruwa. Ka tashi da tuƙin da za ka iya magana a cikinsa, ka ajiye mai tsananin don wurin da zai buƙace shi. Kada ka cika jirgi fiye da kima, kuma idan akwai rigar ruwa a sa ta, musamman ga yara.

Samarin da ke shirin tseren kwale-kwale, irin wanda ake yi a bikin kamun kifi na Argungu a jihar Kabi, suna iya ɗaukar darasin nan kai tsaye. Yawancin kwanaki a yi tuƙi mai nisa, mai sauƙi. Sau ɗaya ko biyu a mako a yi mai tsanani: minti uku ko huɗu da ƙarfi, a sassauta, a sake, kamar sau huɗu. Kada ranakun tsanani biyu su bi juna. Bayan an gama kada a zube a gaɓa nan take. A ci gaba da tuƙi a hankali na minti goma, domin tsokar da ke motsi kaɗan ta fi wadda ke kwance saurin kwashe laktat. Rana ɗaya a mako a huta sarai. Wanda yake da agogo ya ƙirga bugun zuciyarsa da asuba kafin ya tashi daga shimfiɗa: ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ya ƙirga na minti ɗaya. Idan wata rana ya ga ya haura abin da ya saba da kamar goma, jiki bai huce ba ko kuwa ciwo na tafe. Ranar ba ta wahala ba ce.

Idan gajiya ta zo da wuri

Wani lokaci mutum yakan zo wurinmu ya ce, "Likita, hayin da nake yi sau goma a da, yanzu sau uku sai haki." Shekaru ba su ne dalili kullum ba. Abin da muke fara dubawa shi ne ƙarancin jini. Jajayen ƙwayoyin jini su ne ke dakon oksijin. Idan sun ragu, tsoka takan koma hanyar gaggawa tun aiki bai yi nisa ba, laktat ya hau da wuri. Mutanen bakin ruwa suna da ɓarayin jini da yawa. Akwai tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a cikin ruwan da ke da ƙananan dodon koɗi, ta sa fitsarin jini. Mutane da yawa sun ɗauke ta kamar alamar balaga ga yaro namiji. Ciwo ce, kuma tana da magani mai suna praziquantel. Akwai tsutsar ciki mai shan jini da ke shiga ta tafin ƙafa. Akwai zazzaɓin cizon sauro da ke dawowa a kai a kai. Ja fatar idonka ta ƙasa a gaban madubi. Idan cikinta ya yi fari maimakon ja, ka zo a auna jininka.

Zafi ma yana da nasa. Daga Maris zuwa Mayu rana a nan takan haura digiri 40. Gumi yana rage ruwan jini, zuciya ta ƙara gudu a kan aikin da ta saba. Mutum yana kan ruwa amma ƙishirwa na cinsa. A tafi da ruwan sha mai tsabta a jarka, a riƙa kurɓa kafin ƙishi ya kama. Idan bayan aiki mai tsanani fitsari ya fito baƙi-baƙi kamar shayi mai kauri, ga ciwon nama mai tsanani, wannan alama ce tsoka ta lalace kuma ƙoda tana cikin haɗari. A zo asibiti a ranar.

Sai maganar da ba ma jin daɗin yi amma dole mu yi: tramol. Samari da yawa suna sha don "ƙarin ƙarfi". Ba ya ƙara ƙarfi ko kaɗan. Ba ya ƙara oksijin, ba ya kwarfe laktat. Abin da yake yi kawai shi ne toshe kunnen mutum daga jin kukan jikinsa. Ga shi kuma idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda jijjiga ta kama a gona zai faɗi a ƙasa. Wanda ta kama a jirgi, ku da kanku kun san inda zai faɗa, shi da waɗanda ya ɗauko.

Masu sikila, wato SS, bai kamata su shiga aikin da ke kai mutum ga haki ba sai da shawarar likita, domin tsamin jini da ƙishirwa suna lanƙwasa ƙwayoyin jininsu su toshe hanya. Masu AS yawancinsu lafiyarsu ƙalau, suna kowane aiki. Amma su ma idan zafi, ƙishirwa da aiki na iyakar ƙarfi suka haɗu, a wasu lokuta kaɗan mutum yakan zube. Idan ƙafafu ko hannuwa suka saki haka kawai, a tsaya nan take, kada a yi ta maza.

Yaron da ke kwance, jininsa kamar ya yi tsere

Yanzu mun zo ga abin da ya sa muka rubuta wannan ɗan littafi.

Ku dubi yaro ɗan shekara biyu da zazzaɓi ya kama kwana uku. Yana kwance a cinyar uwarsa, bai yi gudu ba, bai ɗauki kaya ba. Amma yana numfashi mai zurfi, ƙirji yana cika yana sauka, kamar saurayin nan a tsakiyar kogi. Idan aka auna jininsa ana iya samun 6, ko 8, ko fiye. Me ya kawo haka?

Ƙwayar cutar da sauro ke sakawa tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini. Waɗanda ta shiga sukan yi danƙo su manne a bangon ƙananan hanyoyin jini, su tare hanya kamar yadda ciyawar ruwa ke toshe mashigi. Oksijin ba ya isa nama sosai, sai jiki duka ya koma hanyar gaggawa. Cutar tana fasa ƙwayoyin jini, masu dako su ragu. Ita kanta ƙwayar cutar tana cin sukari tana zubar da laktat. Idan yaron ya yi jijjiga, tsoka ta ƙara zubowa. Hanta kuwa, wadda ya kamata ta kwarfe, ita ma ciwo ya taɓa ta. Ramin jirgi ya faɗaɗa, mai kwarfewa kuma ya gaji. Bambancin yaron nan da ɗan tsere shi ne, ɗan tsere yana ajiye filafili ya huta, jininsa ya koma daidai. Yaron ba shi da abin da zai ajiye. Sai an kashe cutar, an kuma mayar masa da abin da ya rasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa laktat da ya kai 5 ko ya wuce a cikin alamun zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Likitoci sun daɗe da sanin cewa a cikin yaran da ake kwantarwa da wannan ciwo, masu irin wannan numfashi suna cikin waɗanda suka fi shiga haɗarin mutuwa, kuma da yawa sukan rasu cikin kwana ɗaya na farko. Saboda haka sa'o'i suna da tsada.

Ba kowane asibiti ne ke da na'urar laktat ba, kuma uwa ba ta buƙatarta. Numfashin shi ne awon. Inna, ki ɗaga rigar yaron lokacin da ya yi shiru, ba lokacin kuka ba, ki dubi ƙirjinsa. Idan numfashin yana da zurfi ƙwarai, ko ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, kada ki jira. Idan akwai mai agogo, a ƙirga na minti ɗaya cikakke. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. Wani zai ce ai ciwon haƙarƙari ne, sanyi ne ya kama shi. Mai yiwuwa ne, domin ciwon huhu ma yana kawo saurin numfashi. Amma duka biyun na asibiti ne, ba a gida ake rarrabe su ba. Haka nan idan yaro ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya yi jijjiga, ko ya kasa zama da kansa alhali da yana iyawa, ko barci ya yi masa nauyi ba ya farkawa sosai, ko tafin hannunsa ya yi fari fat.

Kada a turara masa hayaƙi, huhun da ke fama ba ya son ƙari. Kada a ɗura masa jiƙo ko abinci idan hankalinsa ba ya jikinsa, zai iya shaƙewa. Kada a ba yaro mai zazzaɓi asfirin ko garin ciwon kai na tebur da ba a san abin da ke ciki ba, domin asfirin yana ƙara wa jini tsami. Farasitamol ne na yara, gwargwadon nauyinsu. Idan gari yana da nisa kuma ma'aikacin lafiya na ƙauye yana da artesunate da ake sa wa ta dubura, a sa wa yaron da bai kai shekara 6 ba, sa'an nan a kama hanya nan take. Maganin nan sayen lokaci ne kawai, bai gama aikin ba, ko da yaron ya farfaɗo a hanya. Baba, idan dare ne kada a ce sai gari ya waye, kada kuma a ce sai an sayar da buhun shinkafa tukuna. A nemi babur ko jirgi a tafi asibitin da ya fi kusa, in ya fi ƙarfinsu za su tura ku babban asibitin yanki a Malanville.

A asibiti za a tsaga yatsa a duba cutar, a auna yawan jini da sukari. Za a yi allurar artesunate, a maimaita bayan sa'a 12, a sake bayan wasu 12, sa'an nan sau ɗaya a rana har yaro ya iya haɗiyar magani, a kuma ƙarasa da ƙwayoyi na kwana uku. Idan sukarinsa ya faɗi za a ba shi ta jijiya. Idan jininsa ya yi ƙasa ƙwarai za a ce a yi ƙarin jini. A nan ne iyaye da yawa ke ja da baya, wasu don tsoro, wasu don an ce wanda ya ba da jini ƙarfinsa ba ya dawowa. Namiji ko mace mai lafiya da ya ba da leda ɗaya, ruwan jininsa yana cikowa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. Ga yaron kuwa, jinin nan shi ne masu dakon oksijin da ya rasa. Sau da yawa numfashin da ya tsorata kowa yakan lafa cikin sa'o'i kaɗan bayan an sa jini. Ku zo da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya bayarwa, tun kafin a tambaya.

Manya ma ba su tsira ba. Laktat yana hawa a duk ciwon da ke hana jini isa nama: macen da ta zubar da jini da yawa bayan haihuwa, ko wadda zazzaɓi da wari suka biyo bayan haihuwarta, mutumin da miki ya ruɓe cutar ta shiga jininsa, wanda amai da gudawa suka tsiyaye. Alamun suna kama da juna: saurin numfashi, hannu da ƙafa sun yi sanyi, fitsari ya ragu, magana ta rikice. Ga mai gudawa a fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a gida, fakiti ɗaya a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ana ba shi a hanya. Masu ciwon sukari da ke shan metformin su lura: magani ne mai kyau, amma idan amai da gudawa suka kama ku har ba ku iya shan ruwa, ku dakatar da shi ku zo a duba ku a ranar, domin idan ƙoda ta rasa ruwa maganin yakan taru ya sa laktat ya hau.

Tun 2019 ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi na damina a yankin Malanville da Karimama, wata-wata. Maganin na kwana uku ne a jere. Kada a manta da shi a cikin ƙwarya ko a ajiye wa wani yaro. A ba shi duka ukun, kowane wata, har a gama zagayen. A watan Afrilu na 2024 kuma Benin ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga jarirai, ku tambayi ma'aikatan awon yara ko ta iso wurinku. Masuntan da ke kwana a tsibiri ko a cikin jirgi lokacin su, su tafi da gidan sauro, a ɗaura shi a kan gora huɗu, a cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.